Ranar Haihuwar Ƙanen Mijina

Ƙanen mijina ya dawo daga Sakkwato da waya a aljihun gaba, ya bar kanta a waje don kowa ya gani. Ta hannu ce, wani ya riga ya ci ƙuruciyarta, amma a Dogarawa babu mai irinta. Mutum ne da bai taɓa riƙe sana'a ɗaya ta kai shi wata damina ba. Ya yi dillancin albasa a Tsarnawa, ya yi kamasho a tasha, ya sayar da mai a kwalba bakin hanya. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kuma na san shi tun yana yawo da majina, don haka ban taɓa ɗaukarsa da nauyi ba. Akwai wasan matar wa da ƙanen miji tsakaninmu, a cikin wasan nake gasa masa magana.

Kamfanin da ya ƙera wayar yana ba mai ita adireshin imel nasa na kansa, kuma wannan adireshin ne ya hau wa ƙanen mijina kai. Ya watsar da tsohon da yake da shi. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha karatu.

"Wanga adireshi ba na kowa da kowa ba na, Malama," ya ce da ni. "Sai mai irin wagga waya. Komi nawa na cikin gajimare."

Na ce masa mu nan mun san gajimare, yakan taru ya yi baƙi ƙirin ya wuce Malbaza bai ba mu ko ɗigo ba. Ya yi dariya, ya ce hassada ce irin ta masu waya mai maɓalli.

An jima sosai da haka, sai wani furoje, irin shirin nan na ƙungiyoyin agaji, ya nemi 'yan mata da zai kai Tawa su koyi aikin ungozoma. 'Yata ta fari ta gama kwaleji, tana taimakawa a ɗakin shan magani na garinmu ba a biyanta ko sisi, kuma ba ta da wani buri a duniya sai wannan aikin. An ƙayyade shekarun masu nema, ita kuwa tana bakin iyaka. In ta rasa bana, baɗi ta wuce. Masu furojen suka ce ta imel kaɗai za su kira wanda suka zaɓa zuwa ganawa.

Na so mu tafi Ƙonni a buɗe mata nata. Mijina ya ce haba, ga baffanta da adireshi a gida, mu tsallake shi mu tafi wurin bare, ai cin fuska ne. Baffan da kansa ya karɓi dosiyen, wato takardun neman, ya rubuta adireshin da manyan baƙaƙe, yana hura hanci kamar shi ne zai karɓi haihuwar. Kullum da safe yarinyar takan je ta durƙusa ta gaishe shi, ya zaro wayar, ya kara ta a fuskarsa ta buɗe, ya shafa da yatsa ya ce ba su aiko ba tukuna. Ina ganin yana jin daɗin durƙuson fiye da komai.

Sai ya tafi Badaguishiri cin kasuwa, ya ratsa garkar wani abokinsa, ya tsaya bakin rijiya zai ɗauki hoton kansa cikin kabejin da ba shi ya shuka ba. Wayar ta suɓuce ta faɗa ciki. An tsamo ta, ya kawo ta gida ya binne cikin buhun gero wai ta sha iska. Geron dai muka ci, waya ba ta farka ba.

"Kada ki damu, Malama, na ce miki komi na cikin gajimare."

Na sa shi gaba muka shiga motar Ƙonni, ni da shi da yarinyar. Muka sami wani shago mai kwamfuta kusa da tasha. Mai shagon ya buɗe shafin, ya tura masa madannai ya ce ya sa kalmar sirrinsa. Gogan naka ya kasa sa ko harafi ɗaya. Tunda waya ta saba buɗewa da fuskarsa, bai sake rubuta kalmar ba tun ranar farko. Can ya washe baki ya ce ya tuna, ranar haihuwarsa ce ya haɗa da laƙabinsa.

A nan na gane akwai matsala, don na san takardar haihuwarsa. Mutanenmu da aka haifa a gida a da, takardarsu ba ta da rana ba ta da wata. Shekara ce kawai, gabanta an sa wata kalmar Faransanci mai nufin "wajen". Mukan ce da su 'yan ne-ber. Mijina ne-ber ne, ni ma haka, ƙanensa ma haka. Wanda ba shi da ranar haihuwa ya kulle akwati da ranar haihuwa, wace rana ke nan?

Ya gwada ɗaya ga watan farko, wadda buro, wato ofishin hukuma, ke manna wa irinmu. Ba ita ba ce. Ya gwada wata, ya sake wata. Mai shagon ya ce ya dakata, in ya ci gaba da cinke za a rufe akwatin gaba ɗaya. Ya ce akwai wata hanya, za a aika lamba zuwa layin da aka yi rajista da shi. Ashe layin Najeriya ya bayar, irin wanda mutanen bakin iyaka ke riƙewa na biyu, kuma ya daɗe da mutuwa a hannunsa. Da muka kira, wata mata ce ta ɗauka daga wani gari mai nisa, ta zage mu ta kashe.

Muka dawo gida muka tasa Inna, surukata, gaba. Tsohuwa ba ta manta haihuwa.

"Wanga? Ran kasuwar Badaguishiri na haihe shi, bayan an ɗebe wake, shekarad da rijiyar bayan masallaci tar ruhta. Mi za ku yi da ita?"

Na zauna da mijina muka lissafa har muka kusa cimma watan. Ina murna, sai na ga mutumin yana sosa ƙeya. Wai lokacin da ake buɗe masa akwatin, akwai wata yarinya 'yar Illela da yake nema tana zaune kusa da shi tana kallo, sai ya ɗan rage shekarun. Nawa ya rage? Bai tuna ba. Ranar kuma fa? Wata ce da ta yi masa daɗin faɗi a lokacin. Yarinyar ma ta auri wani tun tuni.

Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan zaman ba. Ƙato da furfura a gemu, ya yi wa na'ura ƙarya don budurwa, sannan ya manta ƙaryar. Ban yi masa wasa ba ranar, ban kuma zage shi ba, don Inna tana wurin.

Lambar furojen da ke jikin sanarwa ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Na roƙi wani malami da muka yi aiki tare, wanda aka mayar Tawa, ya taka zuwa buronsu. Ya kira ni da hantsi ina cikin aji. Ya ce an yi ganawar tun makon jiya. Sunanta yana cikin waɗanda aka zaɓa, an kira shi ba wanda ya amsa, aka ba ta bayanta.

Ni na gaya mata. Tana wanke kwalaben ɗakin shan magani a tsakar gida, ba ta ɗago ba, ta ci gaba da wankinta.

Bayan sallar la'asar sai ga baffan ya shigo, an ara masa wata ƙaramar waya yana jujjuya ta. Ya zauna kan turmi, ya ce shi bai ga abin ɓacin rai ba, ai baɗi ma shekara ce. Na ce baɗi shekarunta sun wuce.

"To a rage mata mana! Na san wani a Ƙonni, takarda ɗai ta. Kowa na yi."

A asibiti na haifi yarinyar nan. Takardarta tana da rana, tana da wata, har da sa'a, kuma da ita ta yi lakwal tun daga ajin farko. Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai ta riga ni. Ta ajiye kwalbar da ke hannunta, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baffa, ni na san ranad da anka haihe ni."