Zare Biyu a Bakin Parabol

Tijjani Ɗantsoho mutumin Waca ne, ya ba arba'in baya, sana'arsa kafa parabol, wato farantin da ke kamo tashoshin tele. A aji uku na kwaleji ya bar karatu, amma bai saki lissafi ba. Kafin ya kafa faranti sai ya auna faɗinsa da zurfinsa, ya yi lissafi a ƙasa da guntun kara, ya ce, "Kan na'urar da ke karɓar saƙo kusan nan zai zauna." Ƙiyasi ne, shi ma ya sani, sauran kuwa hannu ke gyarawa. Shekara goma sha biyu ba wanda ya kushe aikinsa.

Ana nan sai Alhaji Sadiƙu, mai gidan kallon ƙwallo a Guci, ya sayo ƙaton faranti daga Kano. Ya kira Tijjani ya kafa masa. Tijjani ya yini cikin rana yana juya shi, hoto yana zuwa yana yankewa. Ranar kasuwa Alhaji ya tsaya wurin mai shayi, ya shaida wa jama'a cewa Tijjani bai iya komai ba sai zanen ƙasa kamar mai duba. Cikin mako biyu aka daina kiransa aiki.

Ya koma Guci ransa a ɓace. A gaban Alhaji ya gitta zare biyu a bakin farantin.

"Da faranti lafiyayye ne, da zaren nan biyu sun taɓa juna a tsakiya. Dubi, yatsa uku ke shiga tsakaninsu. Alhaji, da me aka kawo shi daga tasha?"

"Da amalanke. Ina ruwanka?"

"Me aka ɗora masa?"

"Buhun wake huɗu kacal, don kada iska ta kwashe shi."

"Buhu huɗu! Ka murɗe shi. Maimakon ya tara saƙo wuri guda, watsa shi yake yi kamar mai shiƙa. Sa'an nan ka tafi kasuwa ka zubar mini da mutunci!"

"To, malamin lissafi, ɗauko guduma ka miƙe shi mana."

"Ba tukunya ba ce. Abu ɗaya nake nema: ka koma wurin mai shayi ka faɗi gaskiya."

Alhaji ya yi dariya har da tafi. "Ni? Da furfurata?"

Bai je ba. Tijjani ya kwance zarensa, ya hau babur, bai sake taka Guci ba. Yau in iska ta juya farantin wani a garin, sai ya jira mai gyara daga Damagaram, mako uku ko huɗu.