Zuwanmu Zariya Ni da Kakana

Duk lokacin da mai shayin bakin kasuwarmu ya watsa ruwa a kan garwashi, ya yi cuuu, tururi ya tashi da warin toka, sai in ji kamar kakana ne ya wuce ta bayana. Haka rigunansa suke wari har ya bar duniya, ko da yake jirgin da ya shafa masa warin ya riga shi mutuwa da daɗewa.

Ni dai ban yi boko mai nisa ba, tun a firamare malami ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Saboda haka in ka ga rubutun nan yana tangaɗi, ka yi haƙuri, mai shi ma haka yake tafiya.

Kakana na wajen uba shi ne mai ba jirgin ƙasa ruwa a tashar garinmu, zamanin jirgi mai kwal. Ni ban ga zamanin ba, a bakinsa na gan shi. Akwai wani ƙaton tankin ƙarfe a kan ƙafafu. In jirgi ya tsaya yana haki, sai Kaka ya haye kan tankin, ya jawo bututu ya ɗura masa ruwa, sannan ya sauko ya kwashe toka mai zafi daga ƙarƙashinsa. Damatsansa duk tabon ƙuna ne, yana nuna su kamar lambar yabo. Ya ce matan gari kan jera ƙwarya a gefen layin dogo, direba ya sakar musu ruwan zafi na wankan jego, ba mai jegon da ta ƙona itace a unguwarmu. Da jirgi mai gas ya zo, wanda ba ya jin ƙishirwa, aka sallami Kaka ya koma gona. Amma bakinsa bai bar tasha ba ko kwana ɗaya.

Ina yaro, zamanin soja, tashar ta fara mutuwa. Ma'aikata suka tafi ɗaya bayan ɗaya, masu tallar ƙosai da rake suka koma bakin titin mota. Ana cikin haka Kaka ya ji labari wai tsofaffin kawunan jirgi da aka jibge a Zariya za a yanka su a sayar. Ya ce sai ya je ya gan su da idonsa, kuma a jirgi, don shi ba ya shiga mota, akwatin gawa ce mai taya. Babana ya durƙusa ya gaya masa jirgi ya daina tsayawa a nan. Kaka ya ce, a gaban dattawan ƙofar masallaci, “Ya daina tsaya muku dai. Ni da na shayar da ubansa?”

Magana ta fita, ba ta komuwa. Aka ce ni zan riƙe masa jaka, tunda zamana a gida ba ya haifar da komai sai ƙara.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, ƙasa tana ƙamshin danshi. Kaka ya sa farar babbar rigarsa ta sallah. Mata suka kawo saƙo a kai wa 'yan'uwa a Zariya: daddawa, kuka, har da kaza ɗaure da ƙafa. Tashar tana da 'yar tafiya daga gari, shi ya sa masu rakiya suka tsaya a bakin rafi, ya sallame su.

Muka tarar da tasha ba kowa sai awaki a ɗakin sayar da tikiti. Muka zauna a ƙarƙashin tankin da ya yi tsatsa har rana ta take. Can Kaka ya dafa dogo da tafin hannu, ya ce, “Tashi, ja'iri, ga shi nan.” Ya zaro wani jan ƙyalle daga aljihu, ya miƙe ƙyam kamar soja, ya ɗaga shi sama.

Jirgi ya zo. Ko rage gudu bai yi ba. Direba ya danna oda, ya ɗago hannu, taragu suka yi ta wucewa, mutane cunkus har kan rufi, wasu suna nuna mu suna dariya. Wani ya tofo tuƙar rake ta sauka a kan farar rigar. Kaka bai sauke hannunsa ba sai da ƙarar ta ɓace.

Ni da bakina na ce, “To ai ya san ka, tsoho, ga shi har ya gaishe ka.” Kullum in na tsokane shi sai ya rama da wadda ta fi. Ranar kuwa sai ya naɗe jan ƙyallen ya mayar aljihu. Ya kaɗe rigarsa, ya dubi hanyar gari, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗauki kazar da kansa ya faɗa cikin dawa, ta wajen da ba gari ba. Na bi shi.

Wata ruga muka je, ta wani Bafulatani amininsa tun zamanin da yake kawo nono tasha. Da ya gan mu da babbar riga da kaza bai tambayi komai ba. Ya shimfiɗa buzu, ya yi mana maraba da yarensu, ya ce, “Jaɓɓama, mutanen Zariya.” Ɗansa ne ya kai saƙon mutane Zariya a mota. Muka yi 'yan kwanaki, ni ina bin maruƙa, su suna hira a gindin ɗorawa. Ranar komawa Kaka ya riƙe kunnena ya ce, “Mun je Zariya. Ka ji ko?”

Ai kuwa ya sami ɗan aike. Muna shiga gari aka yi ta sannu da hanya, yaya mutanen Zazzau. Kaka amsarsa ɗaya ce, lafiya lau, ba ya ƙarawa. Ni ne na buɗe shago. Na ce kujerar jirgi ta fi katifa laushi. Na ce da muka isa wajen tsofaffin kawunan, ɗaya ya ga Kaka sai ruwa ya fara zubo masa ta fitila. Dattawa kan kira ni, “Zo nan, ɗan Zariya, yaya aka yi da kan jirgin nan?” In gyara tsayuwa in zuba, kowace rana da sabon ƙari, suna gyaɗa kai suna cewa ikon Allah, Kaka yana gefe yana jan carbi, kansa a ƙasa. Har na yi gemu ina ba da labarin nan. Har matata da shi na yi zance.

Bayan rasuwar Kaka da shekaru, ina ba 'ya'yana labarin a tsakar gida, innata tana tsince shinkafa, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Kai dai ka ji tsoron Allah. Matan rugar nan ba kullum suke kawo nono gari ba? Su muke ba tuwon Baba su kai masa. Kai har cewa ka yi a ƙara yaji, suka kawo mana saƙon.”

Wallahi na ci tuwon uwata kwana da kwanaki ban gane hannunta ba. Na ce to su dattawan fa? Ta ce tun ranar farko manoma suka ga wucewar jirgin, liman ya ce duk wanda ya tayar da maganar a gaban tsoho ba shi ba jama'a. Na tashi na shiga ɗaki. Sai da na yi kwanaki ina zagaye ƙofar masallaci ta bayan gida.

Yanzu ba tasha. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun sauke tankin, kwanon rufin ya bi iska da hannun mutane, a kan dandamalin ake shanya barkono. Ni kuma har yau ban taɓa shiga jirgi ba. Ba ginin ne ya fi damuna ba. Gari guda, maza da mata, suka riƙe bakinsu shekara da shekaru don kada tsoho ɗaya ya sunkuyar da kai, har suka jure ƙaryata a kan haka. Da yau ne, kafin ya sauke jan ƙyallen nan an ɗauke shi a waya, duniya tana dariya kafin la'asar. Ba kuma sai an nemi wanda zai ɗauka ba. Ni ne a tsaye kusa da shi, kuma na san halina.