Ta Malam Ce

Shekarar da aka fara auna gonaki a yankinmu ina cikin masu awon, kuma ba wanda ya kai ni zaƙewa. Na gama karatu, na sami aiki a ofishin filaye, kaina cike da maganar gyaran ƙasa. Abin da na yi imani da shi a lokacin har yau ban sake shi ba: talaka ba zai zauna lafiya a gonarsa ba sai yana da takarda. Na ga yadda birni ke cinye gonaki ta wajen Ungogo, bana gero, baɗi bulo. Duk wanda aka kora, in ka bincika, ba shi da komai a hannu sai "ai kowa ya san ta ubana ce". Saboda haka duk inda na zauna, teburin mai shayi ko ƙofar masallaci, wa'azina ɗaya ne: a gyara doka, a auna kowace gona a ƙasar nan, a rubuta sunan mai ita. Abokaina har sun gaji, suna cewa saura kaɗan in auna musu tabarmar salla.

Babanmu, wanda duk ƙauyen ke kira Malam, yana da gona a bayan gari ta hanyar Minjibir. Gefenta na gabas, daga gindin ɗorawa zuwa layin gamba, wani dattijo ne ke nomawa. Kawu muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya zo garin tun kafin a haife ni, ba shi da inda zai soka ko ƙwayar gero, Malam ya ba shi aron wannan gefen. Shi ya yi ta kai mata taki a kan jaki shekara da shekaru, har ta fi tamu kyau. Kowace kaka sai ya kawo dami ɗaya ya jingine a zauren Malam. Ba haya ba ce, alama ce kawai cewa bai manta ba. Malam kuwa kowace shekara sai ya yi masa faɗa.

"Na ce na bar maka ita, wannan wahalar ta mece ce?"

Kawu ya yi dariya ya kama hanya, baɗi ya sake kawowa. A cikin wannan faɗan na tashi, na haddace shi kamar karatun allo.

Ranar da layi ya zo kan gonarmu, su biyun suna zaune a inuwar ɗorawa. Takardar da aka ba mu gurbi ɗaya gare ta: sunan mai gona. Babu wurin aro, babu wurin kyautar baki. An kuma koya mana cewa abin da mutum ya faɗa a gaban shaidu shi za a rubuta, kada ma'aikaci ya sa son ransa. Na gyara murya irin ta ma'aikata na ce, "Kawu, wannan gefen sunan wa za a sa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta Malam ce."

Malam ya ce, "Kai dai ba ka gajiya." Suka yi dariya.

Ina da sauran gonaki a gabana, rana ta take. Na haɗe gonar duka na rubuta sunan Malam. Malam ya dangwala yatsa, Kawu ma ya dangwala a matsayin shaida. Babu mai karanta boko a cikinsu, kuma ban karanta musu ba. Ba zan ce ban sani ba. Na san kara ce ta yi magana, ba Kawu ba. Amma na tafi ina jin daɗin na yi aiki bisa ƙa'ida.

Damina uku bayan haka Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado, wani mai kuɗi daga birni ya nemi gonar zai yanka fulotai, yayyena suka amince. Na tashi na ce gefen gabas ba namu ba ne, Baba ya bar wa Kawu, kowa ya ji. Babban yayanmu bai yi musu da ni ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar ya shimfiɗa a gabana.

"Rubutun wa ne wannan?"

Na roƙi a yanka mini rabona ta wannan gefen. Mai saye ya ce ko duka ko ya fasa, sauran magada suka rinjaye ni. Mai unguwa ya ce Kawu ya je gaban alƙali, masu shaida ba za su yi wuya ba. Kawu ya ce shi ba zai tsaya shari'a da 'ya'yan Malam ba.

Har yanzu ina cikin masu cewa a gyara dokar filaye, kuma ina faɗa a duk taron da aka gayyace ni. Sai dai yanzu abin da nake ƙarawa shi ne a buɗe gurbin mai noma kusa da na mai gona, a tambayi maƙwabta, a tambayi mutum shi kaɗai ba a gaban wanda yake jin nauyinsa ba. Wasu kan ce ina son dagula abu mai sauƙi. Nakan ji haushi, don ni ma haka na ɗauke shi.

Damina ta farko bayan sayarwar, na iske Kawu yana ƙodago a gonar wani yaro sa'an jikansa. Bayansa ya ranƙwafa, sai ya yi noma kaɗan ya tsaya ya huta. Na durƙusa a bakin kunya na ce ya yafe mini, ni na jawo masa.

Ya ce, "Haba ɗana, ai abin da na faɗa ka rubuta."

Ya share gumi, sannan ya ce, "Amma in tambaye ka. Ran nan da na ce tawa ce, da ka rubuta?"

Na ce, "Da na rubuta, Kawu. Da yanzu ba mai iya taɓa ta."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"To ta yaya zan faɗa, Malam yana zaune?"