Dodon da Ya Yi Sallama a Rumbu

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Lawali, abokina tun muna yara a Isa, kuma har yau ina kishinsa. Na san abin kunya ne mutum ya yi kishin mamaci, amma ya ƙi barina.

A shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai ko fid da kai ba, rumbuna duk wayam, sai Lawali ya aro kyamarar ɗaukar biki ya ce mu yi fim. Ni na rubuta labarin: wasu halittu daga wata duniya sun kulle mutum huɗu a jirginsu, sai sun warware lissafin da ke jikin bango kafin iska ta ƙare musu. Wata uku na yi ina ƙulla lissafin nan. Jirgin kuwa rumbun kawun Lawali ne a Kamarawa. Jakin da ke kuka a waje ma ya fito a fim.

Buba, wani makiyayi da fari ya ƙarar wa shanu, shi muka kifa wa kwano a kai ya zama dodon, ɗaya daga halittun nan. Da ya leƙo ta bakin rumbu sai ya yi sallama, waɗanda ya sato suka amsa masa. Na ce a yanke wurin. Buba ya ce, "Ni ba ni shiga wurin mutane babu sallama, ko mi kuka aza min ga kai." Lawali ya ce a bar shi haka.

Daga Bafarawa har Sabon Birni, mutanen da ba su ci sun ƙoshi ba suka yi ta dariya. "Fim ɗin Lawali" ake cewa. Ba wanda ya taɓa tambayata zancen lissafi. Yau da kowa ke haɗa fim a waya, na tabbata da yana nan sunansa za a kira, ba nawa ba.

Faifai ɗaya na fim ɗin ya rage, yana akwatina. Sau uku 'yarsa Hadiza, wadda ya bari tana goye, ta tambaye ni, ina cewa ya ɓace. Makon jiya na saka shi ni kaɗai. Ashe lissafina bai ma fita daidai ba. Bayan sallamar Buba kuwa, ana jin dariyar Lawali daga bayan kyamara, kuma ita kaɗai ta rage daga muryarsa a duniya.

Jiya na kai wa Hadiza faifan, muka kalla tare. Ta ce, "Baba, maido min wurin nan." Wurin da na ce a yanke take nufi. Na maido mata har sau biyar. Allah ya jiƙan Lawali.