Rakiyar Gaurakan Inna Zuwa Fadamar Gongola

Wunti, Talata da asuba

Ƙarfe biyar da minti goma na fito daga masallacin layinmu, na biya shagona na ɗauki ƙunshin baƙin yadin da na yi kwana biyu ina ɗinkawa. An yi yayyafi kafin asuba, irin na bankwanan damina, ƙasa sai ƙamshi take. Mai keken da na tsayar a bakin kasuwa ya ce ɗari bakwai zuwa Inkil, muka daidaita a ɗari biyar.

Sunana Habu, tela ne ni a unguwar Wunti cikin garin Bauci, kuma wannan tafiya ta rakiya ce. Wanda zan raka kuwa gauraka ne. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ta saye shi shekara uku da suka wuce a hannun wani mai tallar tsuntsaye. Babba ne a lokacin, an ɗaure masa ƙafafu da tsumma, an datse masa gashin fiffike. Tausayi ya sa ta saya. Ta raɗa masa suna Mai Tukku, ya riƙa taku a tsakar gidanmu kamar shi ya gina gidan. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa a farkon bazara, sai ya daina ci. Yakan wuni a ƙofar ɗakinta tsaye da ƙafa ɗaya. Wata mai kawo mini ɗinki, Dakta Rifkatu, likitar dabbobi ce, ta ji kukansa ta bayan shago ta ce in ba su shi, suna da wurin jinyar namun daji a Inkil, can bayan gari. Wata shida ke nan rabona da shi. Yau za a mai da shi daji.

Inkil, shida saura kwata

Wurin yana bayan gonakin masara, an kewaye shi da waya da zana. Ban taɓa shiga wuri mai rai da yawa da ya yi shiru haka ba. Ma'aikata ba sa ɗaga murya, da hannu suke magana. Na hango wata mata durƙushe tana ba 'yar barewa madara a kwalba, ta lulluɓe kanta har fuska da wani buhu mai launin toka, don kada barewar ta san fuskar mutum. Can gefe wata mikiya ce da ɗaurin karaya a fiffike, tana kallon sama ba ta ko ƙiftawa.

Dakta Rifkatu ta tarye ni da wani dattijo siriri mai farin gemu. Ta ce, "Malam Habu, ga Baba Sale. Shi ya koya wa tsuntsunka tashi."

Na durƙusa na gaishe shi. A hanya na ji labarinsa: tsohon maharbi ne, ya yi shekara talatin da bindiga, sai wata rana ya ajiye ta ya zo nan yana wanke keji.

Ya ce da ni a hankali, "Tela, doka ɗaya ce. Kada ya gan ka, kada ya ji muryarka. Wata shida muka yi muna cire masa son mutane. In ya sake bin ɗan Adam, ko dai wani ya kama shi ya sayar, ko mu dawo da shi keji ya ƙare rayuwarsa a ciki."

Na ce na ji. Suka shiga su biyu cikin doguwar rumfar raga, suka fito da akwatin katako mai tsayi, muka lulluɓe shi da baƙin yadina. Ya zauna masa cif, ramukan iska sun dace da na akwatin. Na ji motsin ƙafa a ciki, na haɗiye gaisuwar da ta zo mini baki.

Hanyar Gombe

Shida da rabi muka tashi a wata tsohuwar a-kori-kura. Direbanmu Sande, mutumin kudu ne da ya daɗe a Yalwa. Dakta tana gaba, ni da Baba Sale muna baya mun sa akwatin a tsakaninmu bisa katifa.

Sande ya leƙo ta taga ya ce, "Yau mota ba zai gudu ba, babban mutum muka ɗauka."

Da gaske yake, don gudunsa bai wuce kilomita hamsin a awa ba. Duwatsun Bauci suka riƙa ja da baya cikin hazon safe, gindinsu a ɓoye, kawunansu kamar suna shawagi. Dawa ta fitar da kai dama da hagu. Da yake ba a magana, sai na ga ido ya fi gani. Na riƙa jin numfashin tsuntsun ta cikin yadi, har gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga Inna zaune a bakin motar tana tsince tsakuwa daga cikin gero. Rami ne ya tashe ni.

Bakwai da kwata muka iso shingen jami'an tsaro. Wani ɗan sanda ya daki jikin motar ya ce, "Mene ne a akwati?" Dakta ta sauko da takardun izini, ta roƙe shi ya rage murya. Ya karanta, sannan ya ɗan ɗaga gefen yadin ya sa ido a rami. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce da raɗa, "Rabona da ganin irinsa tun ina yaro a garin kakata." Shi da kansa ya janye itacen shingen, bai bari ya yi ƙara ba.

Dindima, takwas saura minti goma

Daga Bauci zuwa nan kimanin kilomita arba'in ne. Muka tsaya a inuwa kafin gada. Na sayi masa ta dubu ɗaya da soyayyen kifi na dubu biyu, muka ci a tsaye nesa da motar. Gongola ta cika ta batse, ruwan ja-ja-ja, yana tafiya a hankali kamar bai da wurin zuwa.

Nan na tambayi Baba Sale abin da ya raba shi da harbi. Ya gama tauna kifinsa tukuna.

Ya ce, "Ina saurayi, in gauraki suka tashi a bakin kogin nan, sai inuwa ta rufe gona. Wata shekara na zo na zauna kwana huɗu, ban ji kukan ko ɗaya ba. Na tambayi kaina, wa ya cinye su? Na duba, ba kowa a wurin sai ni."

Rugar Jauro, goma da rabi

Bayan gada muka saki kwalta muka bi hanyar shanu kusan kilomita goma sha biyar. Sau biyu muka sauka muka tura mota a laka. Masaukinmu rugar wani Bafulatani ne, Jauro Bello, wanda ya yi shekaru yana sa wa Dakta ido a kan fadamar. Ya kawo mana fura da nono a ƙwarya, ya ce gauraki biyar suna sauka kowace safiya tun da ruwa ya fara ja baya, kuma ya hana kowa kafa tarko.

Da la'asar aka ɗauki akwatin a ka zuwa bakin fadama, tafiyar minti ashirin. Aka zaunar da ni a bayan wani kurmin ciyawa. Dakta ta sa wa tsuntsun zobe a ƙafa, Baba Sale ya ja murfin da igiya daga nesa.

Ya fito. Da ƙyar na gane shi. Fukafukansa sun cika, fari da ja sun fito sosai, tukkun nan kamar an tsoma shi a zinariya. Ya miƙa wuya ya dubi ruwa, ya dubi sama, ya taka cikin fadama har gwiwa. Bai tashi ba. Har rana ta faɗi yana nan tsaye, shi da hotonsa a ruwa. Dakta ta ce kada in damu, a cikin ruwa suke kwana. Muka koma ruga, aka ba mu bukka ni da Baba Sale da Sande, muka ci tuwon dawa da man shanu.

Fadama, Laraba

Biyar da rabi muna maɓoyarmu. Hazo ya kwanta a kan ruwa, ba ka sanin inda fadama ta ƙare sama ta fara. Sai muka ji kuka daga gabas, mai zurfi, kamar ana busa ƙaho a cikin rijiya. Suka fito daga cikin hazon su biyar, suka sauka a hankali. Mai Tukku ya amsa musu. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai, ya buɗe fukafukai ya yi tsalle, shi ma ya yi. Ashe rawa ya iya, duk zamansa a gidanmu ban taɓa gani ba.

Sanyin raɓa ne ya shiga mini ƙirji. Na danne, na danne, tari ya ƙwace mini. Sau ɗaya tak.

Gauraki biyar ɗin suka zabura suka matsa can tsakiyar ruwa. Shi kuwa ya tsaya cak, ya karkata kai. Tarina ne da ya saba ji kullum da safe daga shago. Ya juyo ya nufo mu da takunsa na tsakar gida, yana ƙaramin gurnanin da yake yi in ya ga an ɗauko ƙwaryar gero.

Dakta ta dafe kai. Baba Sale ya matso bakin kunnena ya ce, "In ni na kore shi, ni zai tsorata, kai zai ci gaba da nema. Tashi ka kore shi da kanka, kuma kada ka yi da wasa."

Na miƙe. Saura taku goma tsakaninmu. Ya dube ni da farin idonsa, ya ɗan buɗe fiffike kamar mai gaisuwa. Na sunkuya na ɗebi laka cike da hannu, na jefe shi, na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ko ɓarawo ba. Lakar ta same shi a ƙirji. Ya ja da baya yana kallona, bai yarda ba. Na sake ɗiba, na ruga kansa cikin ruwa ina ihu ina kaɗa hula.

Ya yi gudu taku uku, na huɗu bai taɓa ƙasa ba. Fukafukan suka buɗe, iskarsu ta taɓa mini fuska. Sauran biyar ɗin suka tashi, ya bi bayansu, da farko yana tangaɗi, daga baya ya daidaita. Suka kewaya fadamar sau ɗaya suka shige hazo. Na tsaya cikin ruwa har cinya ina ƙirga su, shida, shida, har na daina ganin abin ƙirgawa.

Baba Sale ne ya shigo ya kamo hannuna. Da muka fito tudu ya ce, "Mu kullum aikinmu ke nan, tela. Ka yi jinyar abu har ya warke, ladanka shi ne ya guje ka."

Komawa

Tara daidai muka yi sallama da Jauro, ya yi alkawarin zai riƙa duba mai zobe yana aiko da labari. Akwatin ba kowa, amma Sande bai ƙara gudu ba, kuma ba wanda ya ce ya ƙara. Sha biyu da kwata muka sauke Dakta da Baba Sale a Inkil. Tun kafin su wanke ƙafa aka kira su, an kawo ɗan biri da ciwon tarko a hannu. Sande ya ƙarasa da ni Wunti.

Na shiga gida ana kiran azahar, laka ta bushe a wandona. Yayata Hajiya Ladi tana zaune a tabarma tana jirana.

Ta ce, "Ya tafi?"

Na ce, "Ya tafi, Yaya."

"Ya waiwayo?"

"Bai waiwayo ba."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "To, alhamdu lillahi."

Godiyata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, sannan ga Dakta Rifkatu da Baba Sale da Jauro Bello da Sande, da matar nan mai ba barewa madara wadda har na baro wurin ban ga fuskarta ba. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan Inna.