Dokin da Baba Mai Gam Ya Tayar Daga Toka

Baba Mai Gam bai taɓa neman aikin laburare ba, aikin ne ya same shi yana ɗinkin takalmi a bakin ƙofa. Wata rana aka fito masa da littafin da ya yi kaca-kaca, aka ce ko zai iya. Ya jujjuya shi, ya ce ai basilla ba ta tambayar abin da take hudawa. Shi ke nan fa, aka ba shi tebur a lungun ɗakin yara, tsakanin kantar littattafan zane da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Shekara ashirin da uku yana wurin da gwangwanin gam, da zare, da tabarau mai ƙafa ɗaya.

Aiki kuwa bai taɓa yanke masa ba, don 'yan shekara goma zuwa sha biyu ba karanta littafi suke yi ba, kokawa suke yi da shi. Littafin lissafi sai ya shekara goma fes kamar ango. Amma duk wanda ke da dodo, ko matsafi mai dogon gemu, ko yarinya riƙe da takobi, to a mako uku ya koma tsumma. A wajen ɗinkin ne Baba ya fara kallon zanen, daga kallo ya fara surutu shi kaɗai, daga nan yara suka fara zagaye shi. Kafin ka ce kwabo, Asabar ta zama tasa: kujera a tsakiyar ɗaki, yara a kan darduma. Matarsa takan ce ko ranar ɗaurin aurensu bai goge hula kamar yadda yake goge ta ranar Asabar ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Baba bai san boko ba, ko A. Ajami ya koya wurin kawunsa tun yana ƙarami, kuma a saninsa duk littafin da ya san mutuncin kansa daga dama ake buɗe shi. Don haka daga bangon baya yake farawa, ya bi zanen daga dama zuwa hagu har ya fito ta gaba. A wurin Baba matattu tashi suke yi, ɓarayi su mayar da kaya, tsofaffi su koma samari. Shi kansa yakan yi mamakin kirkin masu rubuta littattafan nan.

Wanda ya fi ƙauna shi ne na farin doki mai fukafukai. Yadda yake ba da shi, wata yarinya ce ke kuka gaban tulin toka, sai tokar ta ji tausayinta ta tashi ta zama doki. Ga gari yana ci da wuta, sai wani dodo, bawan Allah, ya bi gida-gida yana zuƙe wutar da bakinsa, ya fi 'yan kwana-kwana zuwa da wuri. Dokin ya yi ta ƙanƙancewa don kada ya cinye wa iyayen yarinyar abinci, har ta iya rungume shi tana dariya. In ya kai nan sai ya cire tabarau ya goge ido, ya ce gam ne ya shige masa.

Ana nan sai aka kawo sabuwar shugaba, wata Madam mai takalmi ƙwas-ƙwas da ba ta iya wuce kantar littattafai ba ta shafa ta da yatsa ba. Asabar ɗinta ta farko ta tsaya a bayan Baba, ta leƙa littafin, ta sake leƙawa.

"Baba, ai a juye kake karantawa."

"A juye kamar yaya, ranki ya daɗe?"

"Daga ƙarshe ka fara. Dodon nan hura wutar yake yi. Dokin kuma..." Ta karɓi littafin, ta buɗe ta hagu, ta bi shafukan da shi ɗaya bayan ɗaya. Ɗan mitsitsin doki ya girma, gari ya kama da wuta, doki ya faɗa cikinta, yarinya ta tsaya gaban toka.

Baba ya dubi yaran, yana jiran su tashi su kare shi. Can wata mai kitso biyu ta ce, "Mun sani, Baba. Ai mun iya karatu."

"Kun sani? Tun yaushe?"

"Yayata ma ta sani. Ita ta ce kada mu faɗa maka, naka ya fi daɗi."

Kai, jama'a! Shekara da shekaru 'yan banzan yaran nan suna rufa masa asiri, har waɗanda yanzu suka yi gemu suke kawo nasu 'ya'yan. Kunya ta kama Baba kamar ƙasa ta tsage. Amma ba kunyar ce ta hana shi cin abinci ranar ba. Matarsa ta tambaye shi wa ya rasu, ya ce doki. Ta ce, "Malam, yaushe muka yi doki?" Shi kuwa da gaske makoki yake yi.

Madam ba muguwa ba ce, tsari kawai take so. Ta ba wani malami mai digiri kujerar Asabar, ta ce Baba ya tsaya kan gam ɗinsa. Ta kuma ja masa kunne cewa shekarunsa sun kai na hutu, in aka sake samun shirme a ɗakin nan, da kanta za ta rubuta takardar sallama. Malamin ya karanta littafin dokin daidai, harafi da wasali. Yara biyu suka yi kuka, uku suka yi barci, sauran suka yi ta ja-in-ja da littafin har bangonsa ya fita. Ina za a kai shi? Teburin Baba.

Kwana biyu yana gabansa bai taɓa shi ba. Ya san inda bangon gaba yake zama yanzu, an nuna masa a gaban jama'a, ba zai ce bai sani ba. Ya kuma san teburin nan shi kaɗai ya rage masa. Rana ta uku ya wasa wuƙa, ya raba bangon biyu, ya manna na gaba a baya, na baya a gaba. Ya ɗinke shi da zare ruɓi huɗu, irin ɗinkin da yake yi wa takalmin leburori, ya ɗora masa bulo har ya bushe. Duk wanda ya ɗauki littafin nan yanzu, ta dama zai buɗe, ya tarar da yarinya gaban toka.

Bai jira a kama shi ba. Ya goge hularsa, ya kai wa Madam littafin har ofis ya ajiye a gabanta. Ta buɗe, ta rufe, ta ja bangon da ƙarfi, ko gezau.

"Baba, wannan kuskure ne?"

"Na da ne kuskure, ranki ya daɗe. Wannan da gangan na yi."

"Ka tuna abin da na ce zan rubuta?"

"Na tuna, 'yata. Rubuta abinki, ai ko kin ba ni ba iya karantawa zan yi ba. Amma dokin nan sau huɗu ina ɗinke shi da hannuna. Ba zan ɗinke shi na biyar don a ƙone shi ba."