Miyar Luba ta Tsafe

Shekara da shekaru Luba tana sayar da tuwo a bakin titin Tsafe, direbobi ba sa wuce miyar taushenta. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, sai ta damƙa wa aminiyarta Madina rumfar.

Bayan ta samu sauƙi, ɗanta ya kai ta wani sabon gidan abinci a Gusau. Loma ɗaya ta yi ta gane miyar.

Da ta tambayi wanda ya yi girkin, mai kawo abincin ta ce, "Girkin marigayiya Luba ne, Inna. Hajiya Madina ce ta gaje ta."

Madina ta leƙo daga kicin, suka haɗa ido, ta koma da sauri. Luba ta wanke hannu, ta ce wa ɗanta, "Tashi mu tafi gida."